DARASI: IN TSOHUWAR MOTA TA YI ZAFI A HANYA

Ƴan'uwa masu karatu, manoma da makiyaya da ƴan kasuwa na gundumomin Tasawa da Mayahi, darasinmu na wannan karo a kan mota yake. Wani zai ce: ni ba ni da mota, ina ruwana? To, da ruwanka. Ranar kasuwa mota kake shiga. Buhun gero da na wake da na gujiya mota ke kai su birni. In haihuwa ta zo ma mace da gardama, mota ake nema a kai ta asibitin Tasawa, ko na Mayahi, ko na Maraɗi. In motar nan ta tsaya cikin daji da tsakar rana, wahalar ta kowa ce.

Cikin abubuwan da ke tsai da mota a ƙasarmu, zafin inji yana sahun gaba. Mu karanta sannu a hankali, mu gane dalilinsa, mu san maganinsa.

1. MOTOCIN DA MUKE SHIGA

Motocin da ke shiga ƙauyukanmu da yawansu tsofaffi ne. Peugeot 404, wadda muke ce ma Fijo, an fara ƙera ta a Faransa a 1960. Peugeot 504 ta biyo baya a 1968. A 1975 aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna, cikin Najeriya, kuma 504 da yawa daga can suka fito. Toyota Hiace ta ɗaukar fasinja, Japan ta fara ƙera irinta a 1967. Akwai kuma Land Rover da Land Cruiser na shiga rairayi.

Motocin nan masu ƙwari ne, amma tsufa ya kama su. Ga kuma halin ƙasarmu. A watan Afrilu da Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40. Babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi ta bi ta Cadawa, Age, Gazawa, Tasawa da Maijirgi zuwa Damagaram tana da kwalta. Amma wanda ya sauka daga kanta ya nufi ƙauyukan Urafan, Isawan, Kanambakashe ko Gidan Amumun, zai gamu da rairayi da jigawa. Cikin rairayi inji yana aiki da ƙarfi, mota kuwa tana tafiya a hankali, iska ba ta shiga gabanta sosai. Nan ne zafi ke samun ƙofa.

2. DAGA INA ZAFIN YAKE FITOWA?

Cikin inji wuta ke ci. Mai da iska suna haɗuwa, su kama wuta, ƙarfin wutar ya tura ƙarafa, ƙafafun mota su juya. Ba dukan ƙarfin man ke tura mota ba. Kashi ɗaya cikin uku, ko ƙasa da haka, shi ke yin aikin tafiya. Sauran zafi ne kawai. Wani ya fita ta salansa tare da hayaƙi. Wani kuwa ruwa ke kwashe shi.

Ku dubi manomi cikin gona. In ya yi noma jikinsa ya ɗau zafi, sai gumi ya fito, iska ta busa, ya ji sanyi. In ba ruwa a jikinsa, sai ya faɗi. Haka inji yake. Ruwa yana zagaya cikinsa, ya ɗebo zafi, ya kai shi gaban mota, iska ta sanyaya shi, ya sake komawa.

Zafin jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne. Ruwa cikin tukunya yana tafasa a digiri 100. Inji kuwa ya fi son ruwansa ya tsaya wajen digiri 80 zuwa 90. In ya wuce haka da yawa, ɓarna ta soma.

3. KAYA SHIDA MASU SANYAYA INJI

Na ɗaya, radiyatar. A Najeriya lagireto ake ce mata. Ita ce tankin nan mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma da ke gaban mota. Ruwan zafi yana shiga ta sama, ya bi ta siraran bututu, ya fita ta ƙasa da sanyinsa.

Na biyu, fanka. Ita ke jawo iska ta ratsa radiyatar, musamman in mota tana tsaye ko tana tafiya a hankali.

Na uku, famfon ruwa. Shi ke tura ruwa ya zagaya, kamar yadda zuciya ke tura jini.

Na huɗu, kuruwa, wadda wasu ke ce ma fambel. Igiyar roba ce. A yawancin tsofaffin motoci ita ke juya fanka da famfon ruwa da dinamo mai cika batir.

Na biyar, tiyo. Manyan guda biyu ne, na sama da na ƙasa. Su ke haɗa inji da radiyatar.

Na shida, murfin radiyatar da ƴar ƙofar ruwa. Murfin ba na rufewa kawai ba ne. Yana da roba da waya mai tsalle a cikinsa. Yana danne ruwa, ya hana shi tafasa da wuri, har ya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Ƴar ƙofar ruwa kuwa, wadda masu gyara ke kira kalorsta, tana bakin tiyon sama. Da safe in inji yana da sanyi a rufe take. In ruwa ya yi zafi sai ta buɗe da kanta.

In ɗaya cikin kayan nan ya lalace, sauran ba su iya rufa masa asiri.

4. ALAMUN DA MOTA KE NUNAWA

Mota ba ta magana, amma tana nuna alama kafin ta faɗi.

Allurar zafi da ke gaban direba tana hawa zuwa wajen ja.

Ƙarfin mota yana raguwa, inji yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani.

Ana jin warin roba mai ƙuna ko warin ruwan zafi.

Fitilar batir ta kama ja ana cikin tafiya. Wannan sau da yawa kuruwa ce ta tsinke. Direba ya tsaya nan take, don in kuruwa ta tsinke famfon ruwa ma ya daina aiki.

Tururi yana fita daga gaban mota. In an kai nan, an riga an makara.

Motoci da yawa allurar zafinsu ta mutu tun tuni, an bar ta haka nan. Mota mara allura kamar makaho ne mara sanda. Gyaran allura bai kai kuɗin gyaran inji ba.

5. ABIN DA ZA A YI NAN TAKE

Direba ya kauce daga kan hanya, ya nemi inuwa in akwai. In ruwa yana zuba, ko tururi yana fita, ko kuruwa ta tsinke, a kashe inji nan da nan. Fasinjoji su sauka su matsa nesa. In tururi ya lafa, a ɗaga murfin gaban mota don iska ta shiga.

Ga doka babba: KADA A BUƊE MURFIN RADIYATAR DA ZAFINSA. Ruwan da ke ciki a danne yake. In aka buɗe, sai ya yi tsiri sama ya watsu a fuska da ƙirji. Yaran mota da yawa suna ɗauke da tabon wannan ƙuna. A jira aƙalla rabin awa, har a iya riƙe tiyon sama da hannu. Sannan a ɗora tsumma mai kauri a kan murfin, a kau da fuska, a murɗa kaɗan, a bari iska ta gama fita, kana a cire.

Doka ta biyu: kada a kwara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, ko a kansa. Mata sun san abin da ke samun tukunyar ƙasa in an sauke ta daga wuta aka zuba mata ruwan randa. Kan injin 404 da 504 na sanholo ne. Zafi da sanyi na farat ɗaya suna iya lanƙwasa shi ko su tsaga shi. In inji ya huce, a tada shi, a riƙa zuba ruwa kaɗan kaɗan har ya cika.

Doka ta uku: mai babbar riga, ko rawani, ko mayafi, kada ya sunkuya kan inji yana aiki. Fanka da kuruwa suna fizgar tufa, su haɗa da hannu.

In ruwan zafi ya ƙona mutum, a riƙa zuba ma wurin ruwa mai tsabta mai sanyi har minti 20. A cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura. Kada a shafa baƙin mai, ko toka, ko kashin shanu, ko man goge haƙori. Kada a fasa ƙurajen da suka taso. A rufe da tsumma mai tsabta, a kai shi gidan likita mafi kusa.

6. NEMAN INDA CUTAR TAKE

Mai gyara na ƙwarai tambaya yake fara yi kafin ya ɗauki sifana. Tambayar ita ce: yaushe motar ke yin zafi? Amsar ita ke nuna hanya.

In ruwa yana raguwa kullum: akwai yoyo. A ajiye mota a wuri busasshe, da safe a duba ƙarƙashinta. A duba bakin kowane tiyo. A matsa tiyo da hannu in inji ya huce. In ya yi tauri kamar icce, ko ya yi laushi kamar tuwo, ko ya tsattsage, ko ya kumbura, a sake shi. A duba jikin radiyatar. Inda aka ga fari fari ko kore kore ya bushe, nan ruwa ke tsatsa. A duba ƙarƙashin famfon ruwa. Yana da ɗan rami, in ruwa yana ɗiga daga nan, famfon ya gaji. In an kashe inji aka kama fanka aka girgiza, aka ji tana rawa, wannan ma alamar gajiyar famfo ce.

In ba a ga yoyo ba, amma ruwa yana tafasa da wuri: a duba murfi. In robarsa ta tsage, ko wayarsa ta saki, ba ya danne ruwa. A sayi sabo mai lamba iri ɗaya da ta tsohon. Toshe bakin radiyatar da tsumma ko leda ba magani ba ne.

In mota tana zafi a tsaye, ko cikin rairayi, amma tana hucewa in ta hau kwalta: laifin fanka ne ko kuruwa. A kashe inji, a danna tsakiyar kuruwa da babban yatsa. Ya kamata ta nutsa kamar faɗin yatsa ɗaya, wato wajen santimita 1. In ta wuce haka ta yi sako-sako, a ɗaure ta. In ta yi sheƙi ko ta tsattsage, a sake ta. Kada kuma a ɗaure ta da ƙarfi fiye da kima, don tana cinye famfo da dinamo. A duba fukafukan fanka ko wani ya karye. Waɗansu 404 da 504 suna da fanka mai kama aiki da lantarki. Ba ta juyawa da ƙarfi sai ruwa ya yi zafi. In wayarta ta tsinke, za a ga kamar tana juyawa, alhali ba ta jan iska. Mai gyara yana iya gyara wayar, ko ya ɗaure fankar ta riƙa juyawa kullum.

In mota tana zafi cikin gudu, ko wajen hawan tudu: yawanci radiyatar ce ta toshe. Toshewa iri biyu ce. Ta waje: ƙura, ƙaiƙayi, ƙarangiya, fara da ƙwari suna cika ramukan, musamman da kaka in an bi ta cikin ciyawa. A wanke da ruwa daga bayan radiyatar zuwa gaba, don dattin ya fita ta inda ya shigo. Kada a tsokale da ƙusa. Ta ciki: tsatsa da farar ƙasa suna cika siraran bututun. In an kashe inji mai ɗumi aka shafa jikin radiyatar, aka ji wani wuri da zafi wani da sanyi, wurin sanyin ya toshe. Wannan sai mai gyaran radiyatar ya buɗe ya wanke. A duba tiyon ƙasa ma. In ya tsufa, famfo yana tsotse shi ya manne cikin gudu, ruwa ya kasa wucewa.

In mota ta yi zafi jim kaɗan bayan an tada ta, alhali radiyatar tana da sanyi: ƴar ƙofar ruwa ta maƙale a rufe. Gwajinta mai sauƙi ne. A cire ta, a ɗaura mata zare, a rataya ta cikin tukunyar ruwa a kan wuta. Mai lafiya za ta buɗe kafin ruwa ya tafasa. In ruwa ya tafasa ba ta buɗe ba, ta mutu. Direbobi da yawa suna cire ta su yar. Cikin daji ana iya yin haka don a kai gida. Amma a sayi sabuwa a mayar. In babu ita, da hunturu inji yana daɗewa bai ɗumama ba, ya sha mai da yawa, ƙarafansa su ci juna.

In ruwa yana kumfa: wannan ita ce babbar cuta. Tsakanin kan inji da gangar jikinsa akwai wata shimfiɗa, masu gyara suna ce mata juwan kilas, a Najeriya gasket. In ta ƙone, wuta da ruwa da baƙin mai suna haɗuwa. Alamunta huɗu ne. Kumfa tana tasowa a bakin radiyatar in an tada inji da sanyinsa. Farin hayaƙi mai yawa yana fita ta salansa ko bayan inji ya ɗumama. Baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Ruwa yana ƙarewa ba a ga inda yake zuba ba. In an ga haka, kada a matsa ma mota. A kai ta garaji.

Akwai kuma abubuwan da ba na ruwa ba, amma suna kawo zafi: ƙarancin baƙin mai, burki mai kamawa, wutar inji da ba a daidaita ba, da lodi fiye da kima.

7. WANE RUWA ZA A ZUBA?

Cikin injin 404 ko 504 da radiyatarsa ruwa wajen lita 8 ke zagayawa. Ba kowane ruwa ya dace ba. Ruwan tabki yana da laka. Ruwan wasu rijiyoyi yana da kanwa ko gishiri. Ku leƙa cikin butar shayi da ta daɗe a kan wuta. Za ku ga farin abu ya manne a gindinta. Irinsa ne ke manne cikin radiyatar.

Wanda ya fi kyau shi ne ruwan radiyatar na kanti, mai launin kore, ko shuɗi, ko ja. Yana hana tsatsa, kuma ba ya saurin tafasa. In babu shi, a tari ruwan sama cikin mazubi mai tsabta, a tace da ƙyalle. In dole ta sa an zuba ruwan tabki a hanya, in an isa gida a zubar, a ɗauraye, a sake sabo.

Hattara: ruwan radiyatar na kanti guba ne, kuma yana da ɗan zaƙi. Yaro ko akuya ko kare in ya sha yana iya mutuwa. Kada a zuba shi cikin kwalbar lemo. Kada a zubar da shi kusa da rijiya ko wurin shan dabbobi. In yaro ya sha, a garzaya da shi gidan likita, ko da bai nuna alamar ciwo ba.

8. DABARUN KAI MOTA GIDA

In tiyo ya fashe cikin daji, a bari ya huce, a share wurin, a naɗe shi tam da robar tsohon tub, a ɗaure da waya. A cika ruwa, a rufe murfi rabi don kada ruwa ya danne wurin ɗaurin. A tafi a hankali, ana tsayawa ana ƙara ruwa.

In ɗaya daga siraran bututun radiyatar ya huje, ana iya matse shi da filaya sama da ƙasan hujin.

Wasu suna zuba garin taba, ko barkono, ko ɗanyen ƙwai cikin radiyatar don toshe yoyo. Yakan toshe hujin na ɗan lokaci, amma yana toshe bututun lafiyayyu tare. An yi maganin ƙaiƙayi, an jawo gyambo.

Direban kirki ba ya barin tasha sai da jarkar ruwa, da kuruwa ta ajiya, da waya, da robar tub, da filaya, da sifana. Kowace safiya, kafin ya tada inji, ya duba ruwa, ya duba baƙin mai, ya danna kuruwa, ya leƙa ƙarƙashin mota. Aikin minti 5 ne. Rigakafi ya fi magani.

9. NA'URAR SANYAYA CIKIN MOTA

Waɗansu motoci suna da na'urar sanyaya ɗaki, wadda ake ce ma kilim. Motar ɗaukar marasa lafiya tana bukatarta ƙwarai. Aikinta kamar na firji ne. Akwai wata iskar gas da ke zagaya cikin bututu. Kwampireso, wanda kuruwa ke juyawa, yana matsa ta. Gas ɗin yana ɗebo zafin cikin mota, ya kai shi wata ƴar radiyatar da ke gaban babbar, iska ta tafi da shi.

Ga yadda ake gane cutarta.

In iska ba ta fitowa ko kaɗan: a duba fis da ƴar fankar cikin mota.

In iska tana fitowa amma da zafi: a kunna na'urar, a saurara. Kwampireso mai lafiya yana yin ƙara "ƙas" in ya kama. In bai kama ba, ko fis ne, ko waya, ko kuruwa, ko gas ya tsere.

In akwai sanyi cikin gudu, babu a tsaye: ƴar radiyatar gaba ta cika da datti, ko fanka ba ta aiki.

In an ga maiƙo da ƙura sun taru a mahaɗar bututu: ta nan gas ke tserewa. Gas ba ya ƙarewa kamar man mota. In ya ragu, akwai huji. Wanda ya ƙara gas bai toshe huji ba, ya zuba ruwa cikin kwando.

In ruwa mai tsabta yana ɗiga ƙarƙashin mota sa'ad da na'urar ke aiki: wannan lafiya ce, raɓa ce. In ruwan yana zuba a ƙafar fasinja, ɗan tiyon fitar da shi ya toshe.

Tsofaffin motoci gas mai suna R12 aka sa musu. Masana sun gano yana ɓata wata rumfar iska da ke can sama, mai suna ozon, wadda ke kare mu daga mugun hasken rana. A 1987 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Mantiriyal na Kanada don a daina yin sa. Nijar tana cikin ƙasashen da suka amince. Wa'adin ƙasashe masu tasowa ya cika a 2010. Tun wajen 1994 yawancin sabbin motoci suka koma R134a, daga baya kuma aka fito da R1234yf. Ba a gauraya su. In za a juya tsohuwar mota daga R12 zuwa R134a, sai an kwashe tsohon gas, an sake man kwampireso da robobin mahaɗa. Wannan aikin gwani ne.

Kada kowa ya kwance bututun kilim da kansa. Gas ɗin yana ƙona fata da tsananin sanyi, yana makantar da ido. In ya haɗu da wuta yana zama hayaƙi mai guba. Kada a yarda a ɗura gas ɗin girki a madadinsa, don yana kama wuta.

Na'urar nan tana ƙara ma inji nauyi. In an shiga rairayi, ko allura ta fara hawa, a kashe ta. Da hunturu kuwa a riƙa kunna ta minti 10 kowane mako, don kada robobinta su bushe. Kuma ko da wasa kada a bar yaro cikin mota a rufe a rana.

10. FASINJA MA YANA DA AIKI

In mota ta cika, kada mu matsa sai an ƙara mana buhu. In direba ya tsaya don inji ya huce, kada mu dame shi da "mu tafi, kasuwa za ta watse". Rabin awa a inuwa ya fi kwana a daji. Sannu ba ta hana zuwa. In an zo rairayi mai zurfi, masu ƙarfi su sauka su taka. Kowa ya riƙe ruwan shansa, balle mai goyo da tsoho. In akwai hali, a yi tafiya da sassafe ko da la'asar.

Darasin nan bai tsaya kan mota kaɗai ba. Injin niƙa na ƙauye, mai gangar ruwa a gefensa, shi ma haka yake. Kada a bari ruwan gangar ya sauka ƙasa da bakin tiyon sama. Babur da ƙaramin injin ban ruwa na lambu kuwa yawanci iska ke sanyaya su. A riƙa share laka da ƙura daga haƙarƙarin injinsu, a duba baƙin mai.

TAMBAYOYI

1. Faɗi kaya shida masu sanyaya inji.
2. Don me ba a buɗe murfin radiyatar da zafinsa?
3. Mota tana zafi a tsaye, tana hucewa cikin gudu. Ina za a fara dubawa?
4. Baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Me ya lalace?
5. Me za a yi ma wanda ruwan zafi ya ƙona? Me ba za a yi ba?

LISSAFI

1. A ce radiyatar wata mota tana zubar da rabin lita cikin kowane kilomita 20. Tafiyar kilomita 120 ce. Lita nawa za ta zubar?
2. A ce sabuwar kuruwa jika 3 ce, gyaran kan inji kuwa jika 90. Kuruwa nawa za a saya da kuɗin gyaran nan?

AIKIN GIDA

Kowane ɗalibi ya rubuta kalmomin nan sau uku cikin littafinsa: radiyatar, fanka, kuruwa, tiyo, murfi, famfo. Malami ya nemi wani direba ko mai gyaran mota na garin ya zo makarantar yaƙi da jahilci, ya buɗe gaban mota a kashe, ya nuna ma ɗalibai kowane abu da sunansa. Wanda ya karanta darasin nan ya karanta ma direban garinsu da yaran motarsa, musamman sashe na 5. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.